Martani: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Maganar Tof Gaskit

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanan baya a kan yadda ake zaɓen tof gaskit da yadda ake ɗaura shi a injin motar da aka ƙara wa ƙarfi da turbo. Na yaba masa da ya taɓo wannan fanni, domin ba kasafai ake rubutu a kansa da Hausa ba, ga kuma matasa masu sha'awar motocin gudu suna ta ƙaruwa. Sai dai shawarar da ya bayar, in aka bi ta yadda ya faɗa, injuna za ta kashe. Abin da ya tsaya a kai shi ne, wai gaskit ne raunin injin turbo, saboda haka a nemi mafi kauri, in da hali ma na jan ƙarfe, a shafe shi da gam ciki da bai, sannan a ɗaure notunan kan inji fiye da abin da kamfani ya rubuta, tunda a ganinsa kamfani bai yi lissafi da ƙarin ƙarfin da aka yi wa injin ba. Ban yarda da Malam ba, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tuntuɓen ya faro ne daga fahimtar aikin gaskit ɗin kansa. A ɗauki injin Toyota 2JZ-GTE, wanda ya fito a Supra daga 1993 zuwa 2002, tunda da shi masu ƙara wa mota ƙarfi suka fi yin misali. Faɗin bakin silindarsa milimita 86 ne, wato filin da wuta ke bugawa a ƙarƙashin kan inji ya ɗan haura murabba'in santimita 58. Idan matsin wuta a cikin silinda ya kai bar 100, abin da injin turbo ke kaiwa ba da wata wahala ba, ƙarfin da ke tunkuɗa kan inji sama ya kusa nauyin tan 6. In aka ƙara iskar turbo har matsin ya kai bar 150, ana maganar kusan tan 9 ke nan. Kuma bugun ba ya tsayawa: inji yana juyi 6,000 a minti, kowace silinda tana tashin wuta sau 50 a daƙiƙa guda.

To wa ke riƙe da wannan nauyi? Gaskit faranti ne da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da ɗan wani abu ba, ba shi da hannun da zai kama kan inji. Notuna ne ke riƙe da shi. Idan aka ɗaure noti, miƙewa yake yi kaɗan, kuma ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne matsin da ke danne kai a kan bulok. Muddin wannan matsi ya fi ƙarfin wuta, gaskit yana zaune lafiya. Ranar da wuta ta rinjayi matsin, kan inji zai ɗaga, ko da kuwa da abin da ido ba ya gani ne, iskar wuta mai tsananin zafi ta sami hanya, ta bi ta kan gaskit ta faɗa layin ruwa. Sai direba ya ga lagireto yana amai duk lokacin da ya taka mota da ƙarfi, in kuma yana tafiya a hankali babu abin da yake gani. Bakanike ya kwance, ya ga gaskit a ƙone, ya ce gaskit ne ya ba da kai. Alhali shi ne na ƙarshe da abin ya faɗa wa.

Akwai misalin da ya fito da wannan fili a Amurka. Injin dizal mai turbo na Ford, Power Stroke mai lita 6.0, wanda aka sa a manyan motocin ɗaukar kayansu daga 2003 zuwa 2007, ya yi ƙaurin suna wajen ƙona gaskit, musamman in an taɓa kwamfutarsa an ƙara masa ƙarfi. Wanda ya gabace shi, mai lita 7.3, bai yi wannan suna ba. Babban bambancin yana nan a notuna: kowace silinda a mai lita 7.3 notuna shida ke kewaye da ita, a mai lita 6.0 kuwa huɗu. Maganin da makanikan can suka tsaya a kai shi ne a share fuskar kai ta daidaita, a cire notunan kamfani a sa sitod masu ƙarfi, wato sanduna masu zare marasa kai, sannan a mayar da gaskit mai kauri irin na asali. Da kauri ne magani, da tuni sun gano shi, don injin da suka kwance ba ya ƙirguwa.

Na san Malam zai ce ai wannan goyon bayansa na yi, tunda shi ma cewa ya yi a ƙara ɗauri. Wataƙila ma ya kawo labarin 7M-GTE, injin Supra na ƙarshen shekarun 1980, wanda Toyota ta rubuta a ɗaure notunan kansa a kan 78 Nm, gaskit ya yi ta ƙonewa, har masu motar suka koma suna kai ɗaurin wajen 98 Nm. Labarin gaskiya ne. Amma a duba yadda aka yi: adadi ɗaya aka bari aka koma wani adadi sananne, da sifanar awo, a kan notunan da aka tabbatar suna da sauran ƙarfin ɗaukar ƙarin. Abin da Malam ya ba da shawara kuwa shi ne a ƙara, ba adadi, ba la'akari da irin notin. Nan ne haɗarin yake.

Notunan kan yawancin injunan zamani an yi su ne a ɗaure su har su shiga matakin da ƙarfe ke miƙewa bai dawo ba. Shi ya sa littafin 2JZ ya ce a fara ɗaurewa a kan wajen 34 Nm, sannan a juya digiri 90, a sake juya wani digiri 90. Notin da ya kai wannan mataki, duk abin da ka ƙara masa tsawo yake ƙarawa, matsin da yake bayarwa ba ya ƙaruwa da wani abin kirki, kuma yana dab da tsinkewa. Wanda ya sa bututu a kan sifana ya rataya jikinsa a kai yana jin ya ƙara tsaro, amma notin ya lalata. Haka wanda ya mayar da tsohon noti bai auna ko ya sirance ba.

Sannan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da sifanar awo ita kanta. Ƙarfin juyi take aunawa, ba ta san matsin da ya isa gaskit ba. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarfin da hannu ya sa yana ƙarewa ne a gogayya, tsakanin zaren noti da na rami, da kuma ƙarƙashin kan notin. Ɗan ragowar ne ke zama matsi. Saboda haka noti biyu da aka ɗaure a kan adadi ɗaya, ɗaya busasshe mai tsatsa, ɗaya mai tsabta da aka shafa wa man da ya dace, matsinsu zai yi hannun riga. Wannan ne ya sa kamfanin ARP na Kalifoniya, wanda ya yi suna wajen sitod, yake haɗa kayansa da man shafawa nasa, kuma adadin ɗaurin da ya rubuta da wannan man yake nufi. In ka sa wani man daban, adadin ya tashi daga aiki. Ramin notin ma sai an wanke shi an busar. Ruwa ko baƙin mai da ya kwanta a gindin rami zai tokare noti, sifana ta ce an kai, alhali gaskit bai ji komai ba, wani lokaci ma bulok ɗin ne zai tsage. Kuma ɗaurin daga tsakiya ake farawa a yi waje, mataki-mataki, yadda littafi ya jera.

Ko da notin zai jure, sai a tambayi abin da aka ɗaure shi a ciki. Bulok ɗin alminiyom zarensa ba ya ɗaukar wulaƙanci. Duk bakaniken da ya daɗe yana taɓa Camry da RAV4 masu injin 2AZ-FE, waɗanda suka cika titunanmu, ya san yadda zaren notunan baya ke zarewa daga bulok, har Toyota ta fitar da hanyar gyara da ake dasa sabon zaren ƙarfe a ramin. Wannan fa inji ne marar turbo, a kan ɗaurin kamfani. Ina ga an ƙara? Ɗauri mai yawa kuma yana murɗa bakin silinda ya daina zama zagaye, ringin fistin ya daina kamawa daidai. Shi ya sa masu haɗa injin tsere, in za su sauya sitod su ƙara matsi, sukan goge cikin silinda ne da wani faranti mai kauri ɗaure a kan bulok da irin matsin da kai zai yi, don silindar ta zama zagaye a halin da za ta yi aiki.

Sitod yana da amfani, ban musa ba. Ana zura shi a bulok da hannu, sai a ɗaure shi da noti daga sama, saboda haka ba ya murɗewa yadda noti mai kai ke yi, kuma ƙarfensa ya fi na kamfani. Amma shi ma adadinsa a rubuce yake.

Yanzu maganar kauri, wadda Malam ya fi ba wa ƙarfi. Hujjarsa ita ce gaskit mai kauri yana rage matsewar da fistin ke yi wa iska da fetur, injin turbo kuwa yana son a rage masa matsewa. Rabin maganar daidai ne. A silinda mai faɗi 86 da tafiyar fistin 86, wadda matsewarta 10 ne bisa 1, ƙarin milimita ɗaya a kaurin gaskit zai sauko da ita wajen 9.1. Masu sa turbo a 2JZ-GE, ɗan'uwan GTE marar turbo, sun daɗe suna yin haka: su cire siririn gaskit ɗinsa su sa na GTE mai milimita 1.3. Dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi, kuma tana aiki zuwa wani mizani.

Abin da bai faɗa ba shi ne abin da ake asara. A yawancin injuna, gefen saman fistin shafaffe ne, kuma akwai shafaffen wuri a kan inji da ke fuskantarsa. Idan fistin ya iso ƙololuwa, tazarar da ke tsakaninsu takan zama wajen milimita ɗaya, sai iskar da ke wurin ta fizgo da gudu zuwa tsakiya inda fulogi yake. Wannan fizgar tana gauraya fetur da iska, tana sa wuta ta ci da sauri, tana kuma hana ragowar cakuɗar da ke gefe ta yi zafi har ta fashe da kanta. Fashewar nan ita ce ƙwanƙwasar da ke kashe injin turbo. In ka buɗa tazarar ta kai milimita biyu ko fiye, fizgar ta mutu, kuma ka bar aljihun cakuɗa a gefen silinda, daidai bakin gaskit, yana jiran ya fashe. Wato ka rage matsewa don gudun ƙwanƙwasa, ka kuma buɗe mata wata ƙofa. Hanyar da ta dace a rage matsewa ita ce fistin mai kwarmi a tsakiya wanda ya bar gefensa a shafe, kuma haka kamfanoni ke yi wa injunansu masu turbo. Ban da haka, gaskit mai kauri ya fi ba wa wuta gefen da za ta ci, kuma a injin da kamshaf yake a sama, ɗaga kai yana ɗan gusar da taimin.

Kauri aunawa ake yi. Masu gyaran dizal sun fi kowa sanin haka. A injin Volkswagen 1.9 TDI ana auna yadda fistin ya ɗaro saman bulok, sannan a zaɓi gaskit mai huda ɗaya, ko biyu, ko uku, kuma bambancin kaurin da ke tsakanin kowane biyu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Toyota ma haka take yi wa injunan dizal na Hilux, da alama a gefen gaskit. Kamfanin da ya damu da bambanci ƙanƙani irin wannan, ba a ce wa mai motarsa ya shiga kasuwa ya ɗauko wanda ya fi cika hannu. Haka bakin gaskit: in an faɗaɗa silinda, dole bakinsa ya ɗan fi nata faɗi, domin duk gefen da ya leƙo cikin silinda zai yi ja ya kunna wuta kafin lokaci.

Sai gam. Na fahimci inda wannan al'ada ta samo asali. Iyayen gidanmu a wannan sana'a sun koyi aiki ne a kan irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, inji mai kafireto da bai kai ƙarfin doki 100 ba, mai gaskit mai laushi da ke lotsawa ya cike duk wani kaushi. A can, ɗan shafe-shafe bai cika yin ɓarna ba. Gaskit ɗin injin turbo na yau wani abu ne daban. Irin wanda ake kira MLS, wanda Japan ta fara yi a shekarun 1970 ya kuma zama ruwan dare a shekarun 1990, faranti ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, uku ko huɗu ko biyar a jere. An danna wa na waje wani tudu siriri da ya kewaye bakin kowace silinda da kowace hudar ruwa da ta mai. Tudun nan sifirin ne. In an ɗaure kai yana lotsawa, in kai ya ɗan ɗaga saboda bugun wuta sai ya biyo shi, ya ci gaba da toshewa. A samansa kuma an shafa wata irin roba mai jure zafi, kaurinta wajen kashi 25 cikin dubu na milimita, wadda ke cike ƙananan layukan da injin gogewa ya bari.

Akwai kuma motsin da ba a gani. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. A inji mai silinda shida a jere, mai kai na alminiyom da bulok na ƙarfe, tsawon kan ya kai wajen santimita 60, kuma daga sanyin safiya zuwa zafin aiki bambancin buɗewarsu zai kai wajen rabin milimita. Kan yana shafar gaskit yana komawa duk lokacin da aka tayar da mota aka kashe. An yi faranti-farantin nan ne don su zame a kan juna su shanye wannan motsi.

To ka kawo gam ka shafa a kan wannan. In ya yi kauri, ya shiga tsakanin tudun da fuskar ƙarfe. Kana ɗaurewa sifana ta ce an kai, amma wani ɓangare na matsin a kan gam yake zaune. Inji ya yi zafi, gam ya narke ko ya matse ya fita, matsin da ka yi zaton kana da shi ya ragu, kuma ba mai sake ɗaurewa. Wanda ya fita kuma ba ɓacewa yake yi ba: yana faɗawa layin ruwa ya toshe lagireto, ko layin mai, kuma wasu injunan ƙaramar huda ce ke kai mai sama wajen kamshaf. Cometic da Fel-Pro da Elring da Victor Reinz, manyan masu yin gaskit a Amurka da Jamus, duk umarninsu a kan MLS mai shafi ɗaya ne: a sa shi a bushe, a kan fuska mai tsabta. Inda ake ɗiga ɗan silikon shi ne mahaɗar murfin taimin da bulok, a injunan da littafinsu ya ce a yi, kuma ɗigo ne.

Na san dalilin da ya sa wasu ke rantsuwa da gam: sun sa MLS a bushe ya yi yoyo, sun shafa gam ya tsaya na ɗan lokaci. Amsar tana kan fuskar ƙarfen. Cometic na neman kaushin fuska kada ya wuce 50 a ma'aunin Ra na Amurka, wato wajen maikuron 1.3, alhali kaurin gashin mutum yakan kai maikuron 70. Samfefa a hannu ba ta ba da wannan, balle faifan gogewa da ake ɗaura wa na'urar huda, wanda ke cin gefen hudoji ya bar kwari-kwari, ya kuma zubar da yashinsa cikin inji ya je ya ci metal. Karkata ma haka: a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da kwance da gicciye, in fila geji mai 0.05 ta shige ƙarƙashinsa, to a duba littafi da kyau, don injuna da yawa iyakarsu ke nan. Kuma fuska biyu ce. An saba a kai kan inji wajen masu injin gogewa a bar bulok a cikin mota, sai a kankare shi da reza. Masu 7M da suka sa MLS a kan bulok ɗin da ba a share ba sun ga yoyo. Idan mutum ba zai iya sauke bulok ba, kuma ƙarfin da yake nema matsakaici ne, gaskit mai laushi na asali mai inganci zai fi yi masa amfani da MLS mai tsada a kan fuska mai kaushi. Wannan shawara ce da na so in gani a makalar Malam, domin ita ta dace da aljihun yawancin masu karatunsa.

Kan da ya taɓa yin mummunan zafi yana da wata matsalar da gogewa ba ta magancewa. Alminiyom ɗinsa yakan yi laushi, wasar da ke ƙarƙashin noti ta nutse a ciki, matsi ya zube. Ana gwada taurinsa kafin a ɓata kuɗi a kansa.

Jan ƙarfe kuwa yana da gidansa, kuma gidan ba titi ba ne. Motocin tseren Top Fuel na Amurka suna amfani da shi, masu cinye ƙafa 1,000 a ƙasa da daƙiƙa huɗu. Amma injunansu ba su da ruwan sanyaya ko ɗigo, kuma ana kwance su bayan kowane gudu. Farantin jan ƙarfe shi kaɗai ma ba ya riƙe wuta. Sai an yanka siririn kwari a kewayen bakin kowace silinda, an dasa wayar ƙarfe mai kaurin wajen milimita ɗaya, ta ɗaro sama da wajen rubu'in milimita, don ta ciji jan ƙarfen in an ɗaure. Jan ƙarfe in ya lotsa ba ya dawowa, saboda haka ba ya bin kai in ya motsa, yana bukatar a sake ɗauri bayan ya yi zafi, kuma an san shi da tsattsafar ruwa da mai. Shi ne irin gaskit ɗin da ake fesa wa abin toshewa, tunda ba shi da shafin kansa, kuma ina zaton daga nan Malam ya ɗauko maganar gam ya shimfiɗa ta a kan kowa. Matashin da ya yanko farantin jan ƙarfe ya sa a motar da yake zuwa aiki da ita, ba waya ba kwari, ya sami abin da bai kai gaskit ɗin kamfani ba ta kowace fuska. Ga wanda ƙarfin injinsa ya wuce abin da MLS zai ɗauka, akwai gaskit mai zoben ƙarfe daban da ke cizon kan inji, irin wanda Athena ta Italiya ke yi, sauran jikinsa kuma mai laushi ne don ya riƙe ruwa da mai. Shi ma yana barin tabo a kai, sai an share kafin a sake ɗaurawa.

Ba ina cewa zaɓen gaskit ba shi da muhimmanci ba ne. Ford Focus RS ta 2016 da 2017, mai injin EcoBoost lita 2.3 da ƙarfin doki 350, ta riƙa shan ruwa tana fitar da farin hayaƙi tun tana sabuwa, har a farkon 2018 Ford ta kira motocin ta sauya musu gaskit. Mujallun mota sun ba da rahoton cewa gaskit ɗin Mustang ne aka sa wa wasunsu, injin da ya yi kama da nata amma hanyar ruwansa ta bambanta. Gaskit ɗin ya zauna daram a kan notuna, kaurinsa ba laifi, amma ba na injin ba ne. Subaru ma ta koya wa duniya wani abu: injunanta na EJ25 marasa turbo sun yi fama da yoyon gaskit shekara da shekaru, amma EJ257 na WRX STI, wanda ya fi su matsi nesa ba kusa ba, bai yi irin wannan suna ba. Ya zo da MLS, kuma an tokare saman silindoginsa da jikin bulok don kada su yi rawa a ƙarƙashin gaskit. Masu neman ƙarfi mai yawa a kansa har rufe saman bulok ɗin suke yi gaba ɗaya. Tsoffin injiniyoyi ma sun san matsalar tana ga mahaɗar ne: injin Offenhauser, wanda da shi Bobby Unser ya zama na farko da ya ci tseren Indianapolis 500 da turbo a 1968, kansa da silindoginsa zubi ɗaya ne, ba shi da tof gaskit ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna a makalar shi ne ba ta ambaci zafi da ƙwanƙwasa ba sai a gurguje, alhali su ne ke cin gaskit a ƙasarmu. Motocin turbo suna shigo mana da yawa yanzu, wasu an yi su ne don fetur mai daraja ta sama, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa. A watan Afrilu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, iskar da turbo ya matsa ta ƙara zafi a kan zafi, kuma in na'urar sanyaya iskar ta toshe da ƙura, cakuɗa mai zafi ce ke shiga silinda. Kwamfutar mota tana jin ƙwanƙwasa ta ja taimin baya don ta kare inji, sai wani ya zo ya ƙara iskar turbo bai ƙara fetur ba, ko ya tura taimin gaba don mota ta ƙara tashi. Ga al'adar cire tamostat, da zuba ruwan rijiya tsagwaronsa a lagireto, wanda ke cin alminiyom a kewayen hudojin ruwa, daidai inda tudun gaskit ke zama. Ga murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, ruwa ya tafasa a cikin kai tun allura ba ta nuna ba. Injin da ke cikin wannan hali zai ƙona duk gaskit ɗin da aka sa masa, na kamfani ne ko na jan ƙarfe.

Ina roƙon Malam, in har yana da injunan da ya kafa hujja da su, ya koma ya duba tsoffin gaskit ɗin da aka cire kafin a jefar, domin kowace ɓarna da irin sawunta. Kafin ma a kwance, akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya in hayaƙin wuta yana shiga ruwa. In an kwance aka ga baƙin toka ya ƙetare tudun a silinda da yawa, farantin kuma bai fashe ba, kai ne ke ɗagawa, sai a nemi matsi ko a rage iskar turbo. In zoben bakin silinda ya lotse ko ya tsage ko ya koma kamar ƙwai, saman fistin da fulogi kuma suna da ƙananan tabo, ƙwanƙwasa ce, sai a koma kan fetur da taimin. In tsakanin silinda biyu na tsakiya ne ya ƙone, a auna karkatar kai, a tambayi direba ko mota ta taɓa tafasa. In kuma shafin robar ne ya ɓare a kewayen hudojin ruwa, ƙarfen kai ya yi ramuka-ramuka a wurin, to ruwan da ake zubawa a lagireto ne, kuma sai an cike ramukan da walda an share fuskar kafin sabon gaskit ya sami inda zai zauna.